Mayafin Yaya, da lissafin da ban taɓa yi ba

 Ranar Larabar da ta wuce, cikin shirinmu na sana'o'in hannu, wata baiwar Allah ta kira daga wajen Kona. Ta ce shekararta tara tana saƙar kwarashi, amma har yau ba ta san yadda ake sa wa kaya kuɗi ba, duk abin da mai saye ya taya sai ta sallama. Ta ce, "Madam, ku da kunka yi lakwal, ku hwaɗa muna yadda aka lissahin abin ga." Waɗanda suka saurara sun ji na yi shiru, har mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, yana tsammanin layi ne ya katse. Layi lahiya lau yake. Kunya ce ta kama ni, don tambayar ta taɓo wani abu da na yi wa ƴar'uwata ta ciki ɗaya. Na kasa faɗinsa gaban makirfo, shi ya sa na ce bari in rubuta shi a nan. Na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in faɗa, amma kar in kama suna.

Mu biyu ne mata wurin Inna, a Baudeta. Yaya ta girme ni da shekara huɗu. Dukkanmu an sa mu lakwal, kuma gaskiyar Allah ta fi ni kai, balle wajen lissafi. Tana gama CM2 aka ce ya isa haka, bayan shekara biyu aka yi mata aure. Ni kuwa rabona ya zo ta hannun wani kawunmu da ke zaune Tasawa, shi ya ɗauke ni ya riƙe, na shiga sizyam. Bambancina da ita ke nan, ba wani abu ba.

A kolej akwai darasin kula da gida da iyali, inda ake koya mana abinci mai gina jiki, tsabta, ɗinki da saƙa. Wata rana Madam ta shigo da wani ɗan ƙyalle na ulu mai launi uku, ta ɗaga ta ce sunansa kare. Aji ya fashe da dariya, wata daga baya har da yin haushi ƙasa-ƙasa. Da Faransanci kalmar tana nufin abu mai kusurwa huɗu daidai, ita ce dai muke faɗa in an ce wane ya sayi kare a bayan gari zai yi gini. Madam ta ce kowa ta saƙa guda huɗu cikin hutu, ta haɗa su, ta kawo. Ni na tsani abin nan. Hannuna ba ya zama, zare yana kuɓuce mini, raina kuma yana wurin karatun Faransanci, don tun lokacin nake kwaikwayon masu karanta labaru a rediyo.

Da na zo hutu sai na kai wa Yaya kwarashin, da zaren, da samfurin da Madam ta ara mana. Ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ta jujjuya shi, ta nemo bakin zaren, ta dinga warwarewa sannu a hankali tana kallon yadda kowane madauki ya shiga cikin ɗan'uwansa. Ina kuka ina cewa ta ɓata kayan Madam, ita ko ta kula ni. Kafin magariba ta mayar da shi yadda yake. Kafin sati ya zagayo ta gama guda huɗun, ta haɗa. Na kai lakwal, aka ba ni 17 bisa 20, Madam har ta ɗaga aikin ta nuna wa aji. Ban ce uffan ba. Da na koma da kwarashina Tasawa, Yaya ta samo ƙarfen ƙafar keke, ta sa aka goge mata bakinsa aka lanƙwasa, ta ci gaba da abinta. Ita ba ta ce masa kare. Fure take ce masa, don tsakiyarsa kamar fure ya buɗe.

Tun daga nan saƙa ta zama sana'arta. Hular jarirai, safa, ƴan riguna, marufin kwano, abin shimfiɗa kan tebur na amare. In ana suna a unguwa, da wuya ka rasa aikin hannunta a jikin jariri. Mijinta, kamar mazan gidaje da yawa a yankinmu, ɗan cirani ne. In an girbe gero aka cika rumbu, ko aka kasa cika shi, sai ya kama hanya. Wani lokaci aike ya zo, wani lokaci wata uku shiru. Ɗiya biyar take riƙe da su.

A watan Nuwamba na 2023, hunturu ya fara kamawa, ni kuma a lokacin ni ke buɗe tasha, ina fita bisa moto tun duhu bai washe ba. Na ga hoton wani mayafi a salula, an yi shi da irin furannin nan, an haɗa su jere-jere, kore da ruwan ƙwai da fari. Na tura wa wani yaron maƙwabtansu mai babbar waya ya nuna mata. Na kira na ce, "Yaya, kin iya wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Ƴal lakwal, wa ya ci miki 17?" Ban tambaye ta kuɗi ba, ita ma ba ta faɗa ba. Tsakanin ƴan'uwa ai ba a ciniki, haka muka taso muka gani.

Kowa ya san halin da ake ciki a lokacin. Bayan 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka tsakaninmu da Najeriya, kuma zaren da ake saƙa da shi a garuruwanmu yawancinsa ta Kano yake biyowa. Ya yi wuya, ya yi tsada. Yaya ta sayi abin da ta samu, kore ya ƙare mata a tsakiyar aiki, ta yi sati biyu tana aike kasuwar Tasawa ranar Lahadi kafin a samo mata wani. Bayan sati shida mayafi ya iso ni cikin leda, hannun wani direba. Na buɗe, na yafa, abokan aiki suka yi ta yabawa, wata har ta ce ko daga waje aka kawo mini. Amma idona ya faɗa kan abu ɗaya: koren gefe guda ya fi na ɗaya gefen duhu. Na kira ta. Abin da na fara faɗa, kafin sannu da aiki, shi ne, "Yaya, ya aka yi koren bai zo ɗaya ba?" Ta yi mini bayani. Na ce to ba komi. Na tura mata jika biyar, ina jin na kyauta. Ta ce, "Na gani. Allah shi saka da alheri." Shi ke nan. Na sha sanyin bana da na baɗi a raina, na manta da zancen.

Sai da ƙaramar salla ta 2024, cikin watan Afrilu, na je gida. Da dare, bayan an watse, Inna ta kira ni ɗaki. Kun san iyayenmu, ba su kama sunan ɗan fari. Ta ce, "Waccan ta sai da akuyarta." Na ce wace akuya, ta haihuwa? Ta ce ita. Ta ce ta yi shawara da wasu mata biyu na unguwa, bayan salla za su kama hanyar Aljeriya, ta ɗauki ƙananan ɗiyan biyu, ta bar manyan uku wurin Inna.

Jikina ya yi sanyi. Ni na san hanyar nan, ko da ban taɓa bin ta ba, don da bakina na sha karanta labarinta: Damagaram, Agadas, Arlit, Asamaka, har Tamanrasat. Ina sabuwar shiga aikin rediyo, a watan Oktoba na 2013, aka gano gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, yawancinsu daga yankin Kance, nan gabas da mu, ba nisa. Daga ƙarshen 2014 kuma aka fara maido da mutanenmu cikin manyan motoci, rukuni bayan rukuni, mata da yara da suka tahi bara. Sau nawa na zauna gaban makirfo ina jan kunnen mata a kan tahiyar nan? Ashe ina jan kunnen na nesa, ta gidanmu tana ɗaure kaya.

Na ce, "Inna, me ya yi zafi? Ba ga sana'arta ba?" Inna ta dube ni, ta ce, "Sana'ar da ke da kanki kinka yi wa kuɗi?" Ta ce tun da Yaya ta fara mayafin nan take cewa wannan shi ne gwajinta. Hular jarirai riba kaɗan ce, amma in babban aiki irin wannan zai yi kuɗi wurin ma'aikata na birni, to za ta iya riƙe gida da shi ko aike bai zo ba. Da kuɗina suka iso, ta cire na zare, ta dubi saura, ta ce wa Inna: in ƙanwata mai albashi, wadda ta san ni ta san halin da nike ciki, nan ta tsaya, wane baƙo ne za shi wuce nan?

Ban yi barci ba daren nan. Da safe na tahi gidanta da kuɗi a ƙulle cikin gefen zane. Na tarar tana tankaɗe. Muka gaisa, na zauna, na fara kame-kame, daga baya na ajiye kuɗin bisa tabarma na ce cikon na mayafi ne. Ba ta taɓa su ba. Ta ce, "Cikon nawa ne?" Na ce jika goma. Ta ce, "Mi ya sa goma? Mi ya hana bakwai, ko ashirin? Sadaka ce kika kawo min ko kuɗin aiki?" Na rasa amsa. Ta shiga ɗaki ta fito da kwarashi da ragowar zare, ta aje mini bisa cinya. Ta ce, "Yi min guda. Guda tak. In kin gama mu yi magana."

Ga yadda ake yin furen nan, ga wanda bai taɓa gani ba. Ana fara sarƙa huɗu, a haɗa bakinta ta zama zobe. Cikin zoben ake kafa abin da Madam take kira birid, Yaya kuma take kira sanda: a naɗa zare a kwarashi, a zura, a jawo, a fidda madauki biyu, a sake fidda biyu. Sanda uku a jere su ne kashi ɗaya. Zagaye na fari kashi huɗu ne, tsakanin kowane biyu a yi sarƙa biyu, nan ne kusurwa. A zagaye na biyu kowace kusurwa tana ɗaukar kashi biyu, su zama takwas. Na uku sha biyu, na huɗu sha shida, na biyar ashirin. Kowane zagaye yana ƙara huɗu kan na bayansa. In za a canza launi sai a yanke zare a ɗaura wani, a bar jela, daga baya a bi kowace jela da allura a ɓoye ta cikin saƙar, in ba haka ba wanki ɗaya zai warware aikin.

A faɗa da baki ba wuya. Ni kam awa biyu da wani abu na yi, wuyana ya ƙage, ɗan yatsana ya yi ja. Abin da na fitar bai yi kama da kare ba, bai yi kama da fure ba, ya tattare kamar ƙoƙo, don na matse hannu kuma na manta sarƙar kusurwa a wuri biyu. Yaran gida suka yi ta dariya. Yaya ta ce, "To, yanzu ɗauko bik ɗinki. Ke ce mai lakwal, rubuta, ni in hwaɗa miki."

Muka yi lissafi a bayan wani tsohon kaye na ɗiyarta. Mayafina fure biyar ne a faɗi, sha uku a tsawo, 65 ke nan. Kowane fure kashi 60 ne, wato sanda 180. A duka mayafin, sanda 11,700, ban da haɗi, ban da baki. Kowane fure launi uku, jela shida, jeloli 390 da aka bi ɗaya bayan ɗaya da allura. Wurin haɗi kuwa, gefe 112 ne ake ɗinkewa, kowane ido ya faɗa kan idon da ke fuskantarsa, in an kuskure ɗaya layi ya karkace har ƙarshe. Hannun Yaya yana gama fure ɗaya da ɓoye jelolinsa cikin minti 40, in yaro bai yi kuka ba. Sau 65, ya zama awa 43 da ɗoriya. Haɗi da zagaye baki da tuntaye sun ci kamar awa tara. A taƙaice awa 52, yawanci da dare, da fitilar tocila a ɗaure a goshi da ɗankwali, bayan daka da ɗebo ruwa da girki.

Zare ƙulli 12 ta saya, a kan 300 kowane, 3,600 ke nan. Na ba ta 5,000. Saura 1,400. Ta ce, "Raba." Na raba da 52. Ya ba ni 27. Sefa 27 a awa, bai kai dala shida ba. Tun watan Janairu na 2024 mafi ƙarancin albashi a ƙasarmu ya koma 42,000 a wata. In aka raba shi da awannin aikin wata, ana samun kimanin 240 a awa. Wato na biya ƴar'uwata kusan kashi ɗaya cikin tara na abin da doka ta ce kar a biya lebura ƙasa da shi, sannan na kira ta ina ƙorafin kore bai zo ɗaya ba. In aka bi lissafin 240 ɗin nan, ladan hannunta kaɗai ya kai 12,500, a haɗa da zare ya wuce jika goma sha shida. Ta tura mini kuɗin da na ajiye, ta ce, "Yanzu kin san cikon. Goman ki ba ta kai ba." Muka yi dariya, ni da hawaye. Na cika mata kafin in bar gari.

Abin da ya fi damuna shi ne ba mugunta ce ta sa na yi haka ba. Ban taɓa kawo wa raina cewa awanninta suna da kuɗi ba. In na kai moto wurin makanike, na san akwai kuɗin kaya, akwai kuɗin aiki. In na kai ɗinki wurin tela mai shago, ba na cewa tunda zare da allura ne ai kyauta ne. Amma mace in tana aiki a tsakar gida, zaune bisa tabarma, sai mu ce tana rage zaman banza. Ni kaina na sha faɗin kalmar nan a rediyo, ina kiran mata su kama sana'a "don su rage zaman banza". Wace mace ce a Baudeta take zaman banza? A nuna mini ita.

Na roƙe ta kar ta tahi. Ba ta yi mini alkawari ba. Ta ce za ta jinkirta zuwa bayan damina, ta ga abin da zai yiwu. Amma ta faɗi wata matsala da ban yi tunaninta ba: ko an samu mai saye da kuɗi mai kyau, hannu ɗaya sati shida yake yi kan mayafi ɗaya, lokacin sanyi kuma wata uku ne. Mayafi biyu a shekara ba ya riƙe gida.

A nan ne karance-karancena suka yi ɗan amfani. Na ba ta labarin ƙasar Ayalan, can kusa da Ingila. Daga 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakawansu kamar yadda gero yake gare mu. Aka yi yunwa ta shekaru, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu da yawa suka bar ƙasar. Cikin abubuwan da suka ceci gidaje har da saƙar kwarashi ta farin zare siriri, wadda aka dinga koya wa mata da yara ana sayarwa masu hali a ƙasashen waje. Dabarar ita ce ba mutum ɗaya ke yin aikin duka ba. Wata ta ƙware a fure, wata a ganye, kowa ta yi nata a gida, a tara, wadda ta fi hannu ta haɗa. Yaya ta saurara, ta ce, "To wannan ai ba sai an je ƙasar Turawa ba. Gwadon Baba hwa?" Gaskiyarta. Masaƙan ƙasar Hausa da yawa ba su saƙa zane da faɗinsa. Ƙwarya-ƙwarya suke fitarwa, siriri mai tsawo, a jera a ɗinke ya zama gwado ko luru. Turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa ma haka ake yin sa. Haɗa ƙanana su zama babba tsohon aikinmu ne, kwarashi ne kawai baƙo.

Yaya tana cikin asusun Mata Masu Dubara, tsarin nan da ƙungiyar CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991, mata su dinga zuba kuɗi kowane sati cikin akwati suna ranta wa juna, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama. A cikin ƙungiyarsu akwai mata huɗu da suka iya riƙe kwarashi. Ta kai musu maganar. Suka ranci kuɗin zare daga akwati, suka raba aiki, kowace fure goma sha uku, Yaya ta biyar kuma ita ke haɗi. Karon farko bai yi ba. Hannun wata a matse yake, na wata a sake, furanni suka zo wani ya fi wani girma da yatsa guda, aka haɗa mayafi ya yi ta tudu da kwari. Sai da suka warware kusan rabi. Daga nan Yaya ta yanka kwali daidai girman furen, ta ba kowace ɗaya. Wanda bai hau kwali daidai ba, ba ya shiga. Mai matse hannu ta koma kwarashi mai ɗan kauri, mai sake hannu ta koma siriri. Yanzu cikin kwana goma zuwa sha biyu suna fitar da mayafi ɗaya.

Ga wasu abubuwa da na koya wurinsu, ko za su amfani mai sana'a da mai saye. A sayi zaren aiki gaba ɗaya rana ɗaya, don ko kamfani ɗaya ne ya yi shi, rinin yau da na gobe ba su zuwa daidai, abin da ya faru da korena ke nan. In dole ta sa an haɗa iri biyu, a warwatsa furannin cikin mayafi, kar a tara su gefe guda, ido ba zai kama ba. Kafin haɗi a ɗan yayyafa musu ruwa, a miƙe kusurwoyi, a jera su ƙarƙashin katifa su kwana. Sannan abin da muke kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne da ake yi daga man fetur. Ba ya son wuta ko kaɗan, narkewa yake ya manne a fata. Lokacin sanyi da muke kwana da kaskon gawayi a ɗaki, don Allah a kula da jariran da aka naɗe da shi. Ba a yi masa guga, ba a wanke shi da ruwan zafi, ba a rataye shi jiƙe a igiya don zai zube ya yi tsawo. A shimfiɗa shi a inuwa ya bushe.

Kar in sa ku ɗauka labarin ya ƙare kamar wasan kwaikwayo. Bai ƙare ba. A hunturun da ya biyo baya sun saƙa mayafi bakwai. Biyar sun shiga, a Maraɗi da Yamai, ta hannun abokan aikina da ƴan'uwansu, a kan jika goma sha biyar, wanda shi ma bai cika lissafinmu ba. Biyu suna nan cikin akwati. Wata Hajiya da na kai wa talla ta taya jika huɗu, ta ce ga bargon Sin mai laushi a kasuwa, ga na gwanjo, me zai sa ta biya haka? Ban ga laifinta sosai ba, don jiya-jiya ni ce ita. Kuma gaskiya ne, talakan Baudeta ba zai iya sayen mayafin jika goma sha biyar ba, ko matan da ke saƙa shi ba su iya saye. Kasuwarsa tana wurin masu albashi da ƴan kasuwa, irina da irin wasunku da ke karanta wannan a salula.

Matan nan biyu da suka yi shawara da Yaya sun tahi. Ɗaya an maido ta bayan wata takwas, ɗaya har yau sai dai a ji muryarta jefi-jefi. Yaya tana nan. Ta maye akuyarta da wata ƙarama. In na tambaye ta ko ta fasa tahiyar gaba ɗaya, sai ta ce, "Bana dai ina nan." Ba na matsa mata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, baiwar Allah ta wajen Kona, ga amsar da na kasa ba ki ranar Laraba, kuma ba daga lakwal na samo ta ba. Ki rubuta kuɗin zare, har da na motar da aka je sayo shi. Ki duba agogon salula ki ga minti nawa abu ɗaya yake ci miki, ki ninka. Ki sa wa awarki kuɗi, ko bai kai 240 ba, ki sa mata wani abu da ke kanki ba za ki ji kunyar faɗa ba. Ki haɗa, shi ne kuɗin kayanki. Ki faɗe shi tun kafin ki ɗaura zare, ko ga ƴar'uwarki ta ciki ɗaya, ki karɓi na zare a hannu. In an taya ƙasa da haka kina iya sallamawa, wani lokaci buƙata ba ta jira, amma ki san nawa kika bari.

Mu kuma masu saye, kafin mu taya, mu tambaya: kwana nawa kika yi a kansa? Tambaya ce da ba ta cin ko dala.

Furen da na saƙa kuwa yana nan. Ƴar autar Yaya ta mai da shi hular ƴar tsanarta, ta ce daidai kanta. Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, Yaya da biyu daga cikin abokan aikinta za su shigo shirin ta waya. Duk mai saƙa, mai kitso, mai ƙuli-ƙuli ko mai tabarma da ke son a yi lissafin nata aikin, ta tanadi alƙalumanta ta kira, ko ta rubuta a ƙasan wannan rubutu. Ni zan riƙe bik, Yaya ta faɗa. Allah ya sa mu dace, ya maido mana da na nesa lahiya.